Sifanata Mai Tsaga Uku Tana Bungudu

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, don in ta wuce ban san ko shawarar za ta yi mini amfani ba. Ni bakanike ne a Gusau, furfura ta riga ta cinye gemu, ba yaro ba ne ke rubuto muku. Muna da namu guruf na kanikawa, amma maganar ba ta shiguwa can, in kun karanta za ku ga dalili. Ku yi haƙuri da tsawonta, ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa.

Abin ya samo asali ne tun ba a daɗe da ba mu jiha ba, wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da motoci suka cika Gusau, aiki ya yi mana yawa har muna kai mota gobe. Ina aiki a garejin wani dattijo da muke kira Maigida, Allah ya jiƙansa, ni da wani abokina da zan kira Lawali, mutumin Nahuce. Tare muka koyi aiki, tare aka yaye mu, muka ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Maigida, kwano ɗaya muke sa hannu, har mutane na tambaya ko uwa ɗaya ta haife mu. Maigida yana da doka biyu da ba ya wasa da su. Ta farko, kowa ya sa magagari ya yi wa kayan aikinsa alama don kada a yi rigima, ni tsaga uku na yi wa nawa a gindi, Lawali tsaga ɗaya, yana tsokanata wai na yi wa ƙarfe tsagen gado. Ta biyu, ba a sa hannu a aikin wani sai da saninsa, ko da kuwa gyara ka gani.

Wata ranar Juma'a da safe aka kawo wata a-kori-kura mai ɗauko hatsi daga ƙauyukan Tsafe, Lawali ne ya sauke injinta ya sa mata ringi sati biyu kafin nan, an kawo a juye baƙin mai na farko. A gaban direban ya juye, ya ɗaure notin ƙasan inji, wanda ake kwancewa mai ya zuba, ya zuba sabo, ya wanke hannu ya hau mota zuwa Nahuce duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Direban ya ce zai shiga kasuwa, sai an sauko masallaci zai ɗauki motar. Ina wucewa sai na ga ɗigon mai a ƙasa, na leƙa, na ga washar notin ce ta tsufa. Wallahi da niyyar alheri na shiga ƙarƙashin motar, na tara roba, na kwance, na sa sabuwar washa, na mayar da notin da hannu, na fito da sifanata mai lamba sha tara a hannu don in mayar da man, na ajiye ta gefen batir da nufin in koma in ɗaure. Sai aka fara ƙwala mini kira wai za a tayar da salla, kowa ya riga ya tafi, na rufe bonet na ruga. Da muka dawo mota ta tafi. Ban tuna ba sai da la'asar da na nemi sha tara na rasa, ga shi lokacin babu wayar hannu balle in ce a tsayar da shi, kuma ana wahalar fetur, ko babur ɗin bin sa ban samu ba. Gaskiya ma ban nema da gaske ba, na zauna ina addu'a notin ya riƙe.

Bai riƙe ba. Ya kwance a hankali, mai ya tsiyaye, inji ya buga bayan an wuce Tsafe a hanyar 'Yankuzo. Ran Asabar da safe Maigida ya tura Lawali ya je ya janyo ta, da yamma ya tara mu gindin darbejiya, ga mai motar yana ta kumfar baki, ga direba yana rantsuwa da idonsa ya ga wanda ya ɗaure notin. Maigida ya tambayi Lawali ko shi ne, ya ce shi ne. Ya juyo ya tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa motar bayansa, Lawali ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ni kuwa na sa ido a ƙasa kamar mai neman allura. Bikina saura sati uku, yarinyar kuma 'yar ƙanwar Maigida ce, abin da ya riƙe mini baki ke nan, ba wai ina wanke kaina ba ne. Maigida ya ce Lawali ya kwashe kayansa, garejinsa ba wurin aikin sako-sako ba ne. Daga wannan kalma sunan ya fito, kafin wata ya ƙare duk tasha Lawali Sako-sako ake cewa, direbobi suka daina ba shi ko canjin filogi, ya tattara ya koma Bungudu ya buɗe 'yar rumfa a bakin titi.

Abin da ya fi ci mini rai, shi ne babban abokin ango a bikina, kuma ya zo, ya yi duk hidimar da ake yi, shi ya yi sayen baki, ana ta raha yana dariya. Daga ranar bai sake taka gidana ba, ni ma ban je ba, duk da Bungudu ba ta kai tafiyar rabin awa ba. Matata, Allah ya yi mata rahama, ta sha tambayata me ya shiga tsakaninmu, in ce mata hidima ce ta yi yawa. Ta rasu shekara uku da suka wuce ba ta san komai ba. Na sayi wata sha tara tun a satin, amma har yau ita kaɗai ce cikin akwatina ba ta da tsaga, duk lokacin da na ɗauki magagari sai hannuna ya ƙi.

Yanzu ga halin da nake ciki. Yara sun watse, mazan suna Kaduna da Abuja, macen tana gidan mijinta. Bayana ya daina yarda in kwanta ƙarƙashin mota, motocin yanzu kuma sai an jona musu kwamfuta, masu su ba sa tsayawa wurin tsoho. Sai in buɗe gareji da safe in zauna har azahar ba wanda ya ce mini sannu sai mai shayi, in koma gida in tarar da ɗaki yadda na bar shi. Babban ɗana ne ya saya mini waya ya sa aka saka ni guruf ɗin kanikawa, kuma ba na jin kunyar faɗa, guruf ɗin nan shi ne abokin hirata. Yaran ciki suna kirana Baba, mutum zai ɗauko ƙarar inji ya turo, in saurara in ce masa ga abin da ke damun ta, ya dawo ya ce Baba wallahi haka ne. In wayar ta yi ƙara sai in ji ni ma mutum ne.

Bara aka saka Lawali a guruf ɗin. Ban san lambarsa ba, amma saƙon muryarsa na farko ina ji na gane shi, yana nan da maganarsa a sanyaye kamar mai gudun tashin jariri. Ya yi sallama, kowa ya amsa, ni ma na amsa cikin jama'a, iyakar abin da ya haɗa mu ke nan. Hannunsa kuwa yana nan, in ya yi bayani ba ka da abin ƙarawa, a hankali yara suka fara cewa bari mu ji ta bakin Baba na Bungudu. Ba zan ɓoye muku ba, kishi ya kama ni, ni da nake ganin wannan 'yar daraja ita kaɗai ta rage mini.

Satin da ya wuce wani matashi ya turo tambaya, wai ya juye mai amma ƙasan inji na ɗiga. Lawali ya ce masa ya duba washa kada ya matse notin da ƙarfi ya ɓata zare, kuma gaskiyarsa ce. Yara suka yi ta sa masa albarka. Ban san abin da ya hau kaina ba, na rubuta cewa lallai kam, maganar ɗaure noti ai sai Sako-sako, na sa hoton dariya. Wani tsohon direba da ke ciki ya tuna labarin ya zazzage shi tas, yara suka samu abin wasa, kowa ya turo hoton mota mai yoyo sai ya ce aikin Sako-sako ne. Lawali ya yi magana sau ɗaya, ya ce a ji tsoron Allah, shi ba sa'an wasansu ba ne. Maimakon in tsawatar, sai na ce ai wasa ne, wanda bai iya ɗaukar wasa ba ya bar shiga mutane. Admin ya goge saƙonnin ya ce duk wanda ya sake za a cire shi, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Kwana biyu ba a ji shi ba. Ran Lahadi da hantsi, ina zaune ni kaɗai a gareji, sai ga hoto ya shigo guruf daga wurinsa, sifana ce a kan tabarma, an goge ta fes, lamba sha tara, tsaga uku a gindi. A ƙasa ya sa murya, na saurara ya fi sau goma har na haddace:

“Wagga sifana ba tawa ba ta. Gefen batirin wata a-kori-kura na tsince ta bisa hanyar 'Yankuzo, ta daɗe hannuna, na gaji da ajiyar kayan mutane. Mai ita ya san kainai. Ran Juma'a in an sauko masallaci zan fita guruf, in yana so ya zo ya amsa.”

Jama'a, ashe tun ranar Asabar ɗin nan ya sani. Da sifanar a aljihunsa ya tsaya gaban Maigida ya ce shi ne, da saninsa ya zo ya yi mini abokin ango, ya ɗauki sunan da nawa ne ya yi ta yawo da shi har ya tsufa, ni kuma na zo gaban yaran da aka haifa bayan abin na jefe shi da shi. Ba wanda ya gane a guruf, suna ta zolaya wai Baba na Bungudu ya fara cigiya, ni kuwa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin dariya abin kuka, jiya admin ɗin guruf ya kira ni, yaro mai ladabi, ya ce Baba kai ne babba, kuma an ce tare kuka yi aiki, don Allah ka kira shi ka ba shi baki kada ya fita, ba ma son rasa irinku. Na ce masa to.

Na ɗauki murya sau uku ina gogewa. Zuciyata ɗaya tana cewa in hau mota in tafi Bungudu, in durƙusa in roƙe shi tsakanina da shi, tunda shi ma bai kama sunana ba, wataƙila rufin asirin yake so ya ɗore. Ɗaya kuma tana cewa a bainar jama'a aka ɓata shi, da can da yanzu, in na je a ɓoye sunan yana nan a bakin yara, na karɓo ƙarfena na bar masa kayan. Amma in na faɗa a guruf, na san yaran yanzu, ba za su sake cewa Baba saurari wannan ba, ni zan koma Sako-sako, kuma da hujja. Ina tsoron ranar da zan zauna a garejin nan wayar ta yi shiru ita ma. Na san za ku ce son kai ne, ni ma na faɗa wa kaina, amma wanda bai taɓa cin tuwo shi kaɗai shekara uku ba ba zai gane ba.

To don Allah ku faɗa mini, wanne zan fara, Bungudu ko guruf? In na je ya ƙi kallona fa? Malaman da ke cikin nan, yafiyarsa ta wadatar ko dole sai na wanke shi a gaban waɗanda na ɓata shi? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Yau Talata. Ɗazu na koma na sake buɗe hoton na ƙara girmansa, babu ko ɗigon tsatsa a jikin sifanar, mutumin nan shafa mata mai yake yi duk shekarun nan, ni kuwa ko sau ɗaya ban tambayi yadda ya kwana ba.