Telekomand Mai Tsallake Tashar Ƙasa

Litinin, 8 ga Maris 2010
Zuwa ga mai girma Kumandan, da Ajidan Yacuba, da duk wanda yake sama da ni, ko da yake ba mai buɗe wannan littafi sai ni. Ni Alassan Siddo, planto mai buga hatimi, wanda ya kammala karatun manya bara, ina shaidawa cewa yau an damƙa mini telekomand mai canza tasha ta telen biro, wato ofishinmu. Tsohuwar ta tsage, roba ke riƙe da ita. Na ƙetare gada na sayo sabuwa a Malanville ta ƙasar Benin, irin mai koyo: a haɗa su kai da kai, a danna tsohuwa, sabuwa ta haddace hasken da ido ba ya gani. Da kaina na karantar da ita.

Talata, 9 ga Maris
Tashar ƙasa lamba 2 ce. Na danna 2, tele ta rubuta 22. Kumandan ya zauna jin sanarwar gwamnati ta ƙarfe ɗaya, sai ga makaɗan Benin suna rawa. Ajidan ya ce, "Alassan, wa ya aiko ka ka hana mu jin sanarwa?" In ba ta gyaru ba ran Juma'a, za a karɓe hatimi a kai ni gadin ƙofa a Tanda.

Laraba, 10 ga Maris
Na sake pil, wato batir. Na sake karantar da ita, na danna da ƙarfi na daɗe, yadda nake wa hatimi don ya kama takarda. Yanzu 222 take rubutawa.

Alhamis, 11 ga Maris
Zuwera mai shara ta tsaya a kaina da tsintsiya. Wai, "Malam Alassan, ka danne ta kamar ragon layya. Tun farko ta ji, abin da ka maimaita take maimaitawa." Na sanar da ita cikin ladabi cewa wannan aikin masu karatu ne.

Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 12 ga Maris
Babban yatsana ya kumbura. Saboda wannan dalili kaɗai na ba Zuwera izini, ƙarƙashin kulawata. Ta taɓa tsohuwar sau ɗaya, kamar mai fidda tsakuwa daga shinkafa. 'Yar fitila ta ƙifta. Na danna 2, ta rubuta 2. Kumandan ya ji sanarwa, a kan rigakafin shanu ce. Hatimi yana aljihuna.

Na lura yau, karo na farko, alƙalamina bai huda takarda ba. Wataƙila takardar ce mai kyau.

Waɗanda suka shaida gyaran da na jagoranta: Ajidan Yacuba, Haruna direba, Hajara mai kawo fura. Sai Zuwera, wadda zan nemi a rubuta sunanta a farko idan aka kwafe da inji.