Kada a Kankare Sunan Baba

Winnipeg, Kanada, 1974

Ƙanwata Edna,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidanki Harold da ƙafar tasa? Ni lafiya lau, 'yata na kula da ni, abokin hira ne dai babu. Maƙwabciyarmu ce ke rubuta min wannan.

Edna, me nake ji haka? Wai ɗanki Clive zai sa a kankare "Dandiprat" daga dutsen kabarin Baba, don ƙamus ya ce ma'anarsa mutumin da ba a bakin komai yake ba? Sannu da boko! Ai mun sani. Kaka ta ce asali sunan wani ɗan mitsitsin kuɗi ne na zamanin da, aka laƙaba wa Baba saboda ƙanƙanta. To, ranar da ramin kwal ya rufta, wa ya kurɗa ta 'yar kafa ya jawo mutum uku, ƙattan na tsaye suna kuka?

Ki aiko min ganyen shayi, na nan ruwan banza ne. Allah ya tsare ku.

Ki kuma tambayi Clive: in aka bar sunansa na asali "Albert" kaɗai, wa zai san wanda ke kwance a wurin? Ko Inna ba ta taɓa kiransa haka ba.

Yayanki,
Wilfred