Kobul, In Ji Heluma

Litinin, 3 ga Maris
Shekarar da babbar gada ta karye ni da Yaya, Allah ya jiƙansa, muka shimfiɗa duwatsun lungun nan. A durƙushe, wata bakwai. Yau kamfani ya turo heluma da leburori, za su tone su jera bulon intalok. Heluman ya shuri dutse, ya ce wa direban katafila, "Duk kobul ɗin nan a kwashe." Suka yi dariya. Ban san kalmar ba, amma na san dariya.

Talata, 4 ga Maris
Na sa Auta ta duba min, tunda ita ta yi boko. Ta ce kobul a Turanci dutsen shimfiɗa hanya ne. Na ce ƙarasa, bakinki bai rufe ba. Ta ce ana kuma faɗa wa aikin da aka harhaɗa a gaggauce, irin facin shumeka. Ni da Yaya ne shumeka.

Laraba, 5 ga Maris
Na tare gaban katafila da gudumata. Na ce wa heluma, wane kobul ka nufa, na dutse ko na faci? Ya ce, "Baba, matsa, ka je ka sha magani," ya ture ni. Na sauke masa guduma a kafaɗa, na ji ƙashi ya amsa. Leburori suka rufe ni da ƙotar shebur. Haƙori biyu na tofar, jini har cikin aljihu.

Alhamis, 6 ga Maris
Ba na iya tauna. Ban yi nadama ba.

Asabar, 8 ga Maris
Sun tone. Auta ta je asibiti ta ba heluma haƙuri, ba ni na aike ta ba. Wai ya ce dutsen yake nufi, sunan irin aikin ke nan a takardarsu. Dariyar kuwa direba suke tsokana, wai haƙoran katafilarsa za su zube kafin duwatsun su motsa. Ƙarya ce. Ina jin ƙarya ce.

Talata, 11 ga Maris
Ba heluma, leburori suna ta jera intalok ba gangara. Ruwan farko ɗakin telan lungunmu zai faɗa. Ba ruwana. Hannun daman heluma ne fa, kuma an ce ba lalle ya sake ɗaguwa ba. Gobe da safe zan ɗauki igiyar awo in fita in ja musu layi. Don lungun ne kawai.