Sumuntin da Kuka Shafa wa Ginin Mahaifina

Zuwa ga mai girma Fasto da dattawan majami'ar kan tudu da ke hanyar Kebbe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Umaru magini, ɗan marigayi Garba magini. Musulmi ne ni, ban taɓa zama cikinku ranar Lahadi ba, amma na fi kowa sanin bangon majami'arku.

Na farko. Mahaifina ne ya gina ta saboda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aiki ya kawo mana daga kudu. Da tubalin ƙasa ya ɗaga ta, ya ɗaure rufin da baka biyu na azara masu lanƙwasa kamar bakan gizo, babu ginshiƙi a tsakiya, don kowa ya hangi mai wa'azi. Ya sa tagogi ƙanana can sama, shi ya sa ko da bazara ba ku gumi. Duk gine-ginensa sun shuɗe, ita kaɗai ta rage.

Na biyu. A da, kowace shekara kafin damina nakan hau tudun in yi mata yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, in gyara indararo. Shekara uku ke nan kuka ce zamani ya zo, kuka ɗauko masu sumunti daga Tambuwal suka shafe ta ciki da waje. Na zo har gabanku na ce bangon ƙasa numfashi yake yi, ruwan da ya shiga ta tsaga ba zai sami mafita ba, sai ya cinye shi daga ciki. Kuka ba ni kujera da ruwan sanyi, kuka sallame ni.

Na uku. Makon jiya na ƙwanƙwasa bangon gabas, ya amsa kamar tulun da babu ruwa. Na zauna kan dutse na yi hawaye, ni da furfurata.

Na so in ce ku ɓare sumuntin, amma lokaci ya wuce. Gwiwoyina ba sa hawa tsani, kuma babu wanda ya koyi ɗaurin baka a hannuna.

Roƙona biyu ne. Da zarar ruwa ya sauka, kada ku ƙara tara mutane ƙarƙashin rufin nan, ku yi ibadarku a gindin itace. Sannan ranar da majami'ar za ta faɗi, ku aiko a kira ni. Ina ci-rani mahaifina ya rasu, ban sami jana'izarsa ba. Wannan karon ina so a yi a gabana.

Allah ya tsare ku da iyalanku, ya sa ta faɗi babu kowa ciki.

Wassalam.

Umaru magini, Kebbe.