Injin Baba da Tarin Tattaka

Daren Talata, Argungu

Kwana biyu ke nan da sace injin ban-ruwan Baba a fadama, albasa ta fara yaushi. Ni na matsa muka je wurin 'yan sanda, har lambar injin na rubuto. Ɗan sandan ya ce, "Baba, wa kuke zargi?" Mu biyu mun ga sawun takalmin maƙwabcinmu Ɗanjuma. Amma Baba ya ce, "Yallaɓai, in na hwaɗi sunanai, gobe wa ka ɗaukar gawata?" Na fito ina jin haushi.

A hanya na tuna yadda ake yi muna yara. In an yi sata, mai unguwa kan sa a tara tattaka, wato karan shinkafar da aka sussuke, a bayan gari, kowa ya kau da ido. Da safe sai a tarar da kayan a ciki, ba a tambayar kowa. Haka tukunyar Inna ta dawo.

Da la'asar Baba ya tara tattaka a bayan gidanmu, ya sanar a masallaci. Sau uku ina zuwa dubawa. A na ukun ya riƙe hannuna ya ce, "In kana tsaye nan, ta ina za shi kawo?"

Na shigo ɗaki, na rufe tagar da ke kallon tarin.