Abin da Na Kasa Ɗagawa

At-Bashi, ranar Laraba

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar tana sauƙi, kuma masu jinya a Bishkek suna kula da kai. Kaka tana gaishe ka, ta ce ka daina raina abincin asibiti.

Baba, gobe za mu hau dutse wurin kiwo. Baffa Esen ne zai ja amalanke da motarka. Yau aka yi lodi. Sandunan tanti da shimfiɗun ulu suna gaba, murhun ƙarfe da babbar tukunya da buhunan gari huɗu kuwa can ƙarshen baya. Kaka ce ta sa. Ka san ta, wai ba a kafa tanti sai an hura wuta an sha shayi, don haka murhu ne zai fara sauka. Baffa ya ce, "To, Inna, yadda kika ce."

Ka tuna kowace shekara kakan kira ni in ɗaga hancin amalanke, ƙarfen nan na gabansa, kafin a maƙala shi a mota? Kakan ce, "Ranar da Burul ta ɗaga shi, ba inda za mu." Da na zaci wasa kake mini. Sai bara ka gaya mini cewa idan hancin ya ɗagu da sauƙi, nauyi ya koma baya ke nan, kuma amalanke zai riƙa kaɗa wutsiya a gangara har ya ja mota cikin kwari.

Da suka shiga cin abinci na je na gwada. Da hannu ɗaya ya taso, Baba.

Sau uku na tsaya bayan Baffa zan faɗa masa, sai in juya in koma. Ni ce zan gyara wa ƙaninka aiki, in kuma saɓa wa Kaka? Na san wasiƙar nan ba za ta iso ba sai mun tafi. Kawai dai kai kaɗai nake iya faɗa wa.

'Yarka,
Burul

Wurin kiwo, ranar Lahadi

Babana,

Ina gaishe ka, da fatan ka fara takawa. Mai karɓar madara ne zai kawo maka wannan.

Ranar Alhamis da safe, har Baffa ya matso da mota ban faɗa masa ba. Da ya sunkuya zai maƙala ƙugiya, sai kawai na riga shi, na ɗaga hancin da hannu ɗaya, na tsaya riƙe da shi, kaina a ƙasa.

Baffa ya yi dariya. "Kai, 'yar Yaya! Gasar kokawa za mu kai ki?"

Ban sake shi ba. Da kyar na ce, "Baba ya ce idan na iya, ba a tafiya."

Kaka ta dube ni, ta dubi murhun. Ta ce, "Ashe shi ya sa ubanki kullum yake tura ni gaida maƙwabta lokacin lodi, don kada in sa baki. Ɗan banza, shekara goma!"

Baffa ya cire hula ya sosa kai, ya fara sauke buhuna. Murhu ya koma gaban taya, aka ɗaure komai tam. Ni na giciya sarƙoƙin biyu ƙarƙashin ƙugiya yadda kake yi. Kaka ta ƙi rabuwa da buta da ɗan risho, a cinyarta ta riƙe su har muka iso.

A babbar gangarar nan Baffa ya sa ƙaramar giya, bai danne birki ba. Na juya ina kallon amalanke ta gilashin baya. Tiryan-tiryan ya biyo mu, kamar ɗan maraƙi bayan uwarsa. Kaka ta sha shayinta kafin a kafa sanda ko ɗaya.

Na manta ban faɗa maka ba. Da aka gama sabon lodin, Baffa ya ce, "To, gwana, zo ki gwada." Na sa hannu biyu, na yi nishi, ko motsi bai yi ba. Ban taɓa jin daɗin kasa abu irin na ranar ba.

Ka warke da wuri. Kaka ta ce tana jiranka da magana.

Taka,
Burul