Ranar Da Ma'u Ya Tsaya Bayan Filibus

Challawa, Kano
Maris, 2005

Zuwa ga Yayana Joshuwa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi, har tana zuwa coci da kanta.

Yaya, na ga wani abu a kamfanin fatun da nake aiki, har yau yana raina. Mun yi zaɓen shugaban ƙungiyar ma'aikata. Mutum uku suka tsaya: Filibus na wajenmu, Malam Abdulbaqi Bakano, da Ma'u ɗan Jigawa. Ka san yadda zukata suke tun rikicin addini na bara, ko abinci kowa da nasa yake ci. Tun kafin ranar, Bala, wani Badamagare mai aikin rini, ya ba da shawara a yi yadda ake yi a ƙasarsu: in ba wanda ya haura rabin ƙuri'u, biyun farko su sake karawa. Aka amince.

Filibus ya zo kan gaba amma bai kai rabi ba, Ma'u ya zo ƙarshe. Sai ga abin mamaki. Filibus, wanda bai taɓa zama da mutanen Jigawa ba, ya cire takalmi ya hau tabarmarsu yana sauraron kukansu na rashin safar hannu. Malam Abdulbaqi kuma ya zo wurinmu mata, ya tambayi damuwarmu, muka ce aikin Lahadi ne da ke hana mu zuwa coci, ya ce wallahi bai taɓa lura ba.

Ranar zagaye na biyu layi aka yi, kowa a bayan gwaninsa. Ma'u ya fito daga masallaci, ya dubi layukan, ya taka a hankali ya tsaya bayan Filibus. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa hawaye kawai nake. Filibus ya ci, kuma Malam Abdulbaqi ne ya fara ba shi hannu, ya ce kada ya manta da maganar Lahadi.

Don haka ɗakin da ka ce za ka nema mini a can don in bar Kano, ka dakata tukuna. Ina nan.

Ka gaida matarka Rahila, da Ɗanjuma da ƙaramarmu Jummai. Mama tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Nasara